Matsayin Ra'i a Binciken Zama Cikin Jama'a: Duba ga Nazarin Hausawan Sabo a Ibadan

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wata daɗaɗɗiyar muhawara a ilimin zamantakewa: shin mai binciken da zai zauna cikin jama'a ya shiga da ra'i a hannunsa ne, ko kuwa ya bari ra'in ya tsiro daga abin da ya gani? An kwatanta mazhabobin biyu da tafarkai biyu na malaman usulul fiƙhi, sannan aka auna mas'alar da nazarin da Abner Cohen ya yi a kan Hausawan unguwar Sabo da shigarsu ɗariƙar Tijjaniyya, domin a ga abin da ra'i ke buɗewa da abin da yake rufewa.

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan ɗaliban nazarin addinin Musulunci sun fara fita daga ɗakin karatu zuwa cikin jama'a. Wanda a da aikinsa shi ne tahƙiƙin wani tsohon rubutun hannu, ko bin diddigin wata mas'ala a cikin Mukhtasar da sharhohinsa, yau sai a tarar da shi zaune a tsangaya ko a zawiya ko a rumfar kasuwa, riƙe da littafin rubutu da na'urar ɗaukar magana. Wannan fita abin so ce, sai dai ta zo da wata cuta da duk mai duba kundayen digiri ya san ta. A babi na biyu akan sami sashe mai suna ra'in bincike, inda ɗalibi zai ɗauko sunan Durkheim ko Weber ya ba shi shafi biyu, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa har ƙarshen kundi. Wani ɗalibin kuma yana ƙyamar ra'i ɗungurungum, yana ganinsa kayan baƙi ne, ya ce shi abin da idonsa ya gani kawai zai rubuta. Waɗannan biyu, duk da bambancinsu a zahiri, sun haɗu a kan zato guda, wato cewa gani daban ne, ra'i daban, ana iya yin ɗaya ba tare da ɗayan ba. Wannan zato shi ne abin da maƙalar ke son warwarewa.

Abin da ake nufi da binciken zama cikin jama'a, wanda masana ke kira esnogirafiya, shi ne mai bincike ya tare cikin wata al'umma na tsawon watanni ko shekaru, ya koyi harshenta, ya halarci sha'anoninta, ya rubuta yadda take rayuwa da yadda take fahimtar rayuwar tata. Ra'i kuwa shi ne abin da Larabawa ke kira nazariyya: tsararren bayani a kan yadda wasu al'amura ke da alaƙa da juna da dalilin wannan alaƙa. Ya kamata a kiyaye kada kalmar ta rikice wa wanda ya saba da littattafan fiƙihu, domin ba ita ce ra'ayin da ake jingina wa malaman Kufa ba, ba kuma ra'ayin da kowa ke faɗa a majalisa ba ne. Ra'ayi mai shi yana iya riƙe abinsa ko da hujja ta saɓa masa. Ra'i kuwa ba ya cancantar sunansa sai in akwai abin da, idan aka gan shi, zai nuna cewa kuskure ne.

Ido ba ya gani shi kaɗai

A ɗauka mutum ya wuni a kara ranar kasuwa da niyyar rubuta duk abin da ya gani. Kafin azahar zai gane cewa niyyar ba za ta cika ba. Akwai launin shanu da ƙibarsu, akwai sallamar fatake, akwai dillalin da ya ja mai saye gefe, akwai yaron da ke zagayawa da ruwa, akwai wanda ya tashi alwala. Dole ya zaɓa, kuma abin da ya sa ya rubuta raɗar dillali ya bar launin saniya shi ne wata tambaya da ke cikin kansa, ko ya san da ita ko bai sani ba. Wanda ya ce ba shi da ra'i, galibi yana nufin bai taɓa bincikar ra'in da yake ɗauke da shi ba.

Malaman Musulunci sun riga sun fahimci wannan tun da daɗewa. Ibn Khaldun, a Muƙaddimar da ya rubuta a shekarar 1377, ya zargi marubuta tarihi da karɓar labari saboda amincin mai ruwaya kawai, ba tare da auna shi da ɗabi'un zaman jama'a ba. Misalinsa sananne ne: adadin mayaƙan Bani Isra'ila da Mas'udi da wasunsa suka ruwaito, dubu ɗari shida, ya ce ba zai yiwu ba idan aka dubi abin da ƙasa za ta iya ciyarwa, da faɗin filin daga, da yawan zuriyar da za ta iya fitowa cikin 'yan tsatso kaɗan. Ilimin umrani da ya kafa, a wurinsa, rariya ce ta tace labari. Kafinsa da ƙarni uku da rabi, Biruni ya koyi harshen Sanskirit, ya zauna da malaman Hindu, ya kuma yi alkawari a farkon littafinsa a kan Indiya cewa hikaya zai yi ba jayayya ba. Amma duk wanda ya karanta littafin zai ga yana tafe da wata ƙa'ida da ba ya rabuwa da ita: cewa kowace al'umma tana da keɓantattu masu tunani da kuma gama-gari masu jingina ga abin da ido ke gani, kuma bai halatta a auna aƙidar mutane da abin da jahilansu ke yi ba. Da wannan ƙa'ida ce ya kwatanta Hindu da Girkawan dauri. Hikayarsa ta yi adalci ne saboda ra'in da ke ƙarƙashinta, ba don rashinsa ba.

A zamanin nan, Malinowski, wanda ya zauna a tsibiran Torobiriyan tsakanin 1915 da 1918 kuma ake ɗaukarsa uban wannan hanyar bincike, ya bambanta abu biyu a gabatarwar littafinsa na 1922. Akwai hukuncin da mutum ya riga ya yanke tun daga gida, wannan guba ne; akwai kuma tambayoyin da karatu ya farkar a zuciyarsa, waɗannan su ne guzurinsa. Saɓanin da ya biyo baya duk a kan iyakar da ke tsakanin waɗannan biyu yake.

Mazhabobi biyu, da abin da ya yi kama da su a usul

Mazhaba ta farko ta bayyana sosai a Amurka a shekarar 1967, lokacin da Barney Glaser da Anselm Strauss suka fitar da littafinsu a kan ra'i mai tsirowa daga fage. Sun ga cewa masu bincike sun zama 'yan aiken manyan masana, aikinsu kawai tabbatar da abin da aka riga aka faɗa. Sai suka ce a juya lamarin: a shiga fage, a tattara abin da aka gani, a riƙa kwatanta wannan da wancan har rukunoni su fito da kansu, kada a daina sai sabon abu ya daina ƙara komai. Sun gwada wannan a asibitocin yankin San Faransisko, inda suka lura da yadda likitoci da ma'aikatan jinya da dangi ke mu'amala da majinyacin da ajali ya kusato. Daga nan suka fitar da yanayi huɗu: inda aka ɓoye masa bai sani ba, inda yake zargi, inda kowa ya sani amma ana yi wa juna kamar ba a sani ba, da inda aka fito fili. Babu wani littafi da ya ba su wannan rabo, ɗakin jinya ne ya ba su. Duk da haka mazhabar ba ta tsira daga rikici ba, domin a farkon shekarun 1990 malaman biyu sun raba gari, Glaser yana zargin Strauss da tilasta wa abin da aka gani shiga cikin akwatunan da aka riga aka sassaƙa.

Mazhaba ta biyu ta samo asali daga makarantar Manchesta ta Max Gluckman, kuma Michael Burawoy ne ya fi kowa kare ta. Shi ya yi aiki a ma'adinan jan ƙarfe na Zambiya, daga baya ya shiga wata masana'anta a Shikago a matsayin lebura mai tuƙa inji. A ganinsa mai bincike ya shiga fage da ra'in da ya fi amincewa da shi, a fili, sannan ya nemi wurin da ra'in zai yi tuntuɓe. Wannan tuntuɓen shi ne ribar bincike, domin da shi ake gyara ra'in a faɗaɗa shi. Hujjarsa ita ce manyan abubuwan da ke juya rayuwar ƙauye ko unguwa, irin su mulkin mallaka da kasuwar duniya, ba a ganinsu da ido daga cikin unguwar. In babu ra'i, mai bincike zai ɗauka duniya ta ƙare a bakin ganuwa.

Ɗalibin usul zai ji wannan saɓani bai baƙunce shi ba. Akwai tafarkin mutakallimai, na su Juwaini da Gazali, masu kafa ƙa'ida bisa hujjar hankali da harshe sannan su hukunta rassa da ita. Akwai kuma tafarkin fuƙaha'u na Hanafiyya, na su Dabbusi da Bazdawi da Sarakhsi, masu bin fatawoyin limamansu ɗaya bayan ɗaya su tsamo ƙa'idar da ke ƙarƙashinsu, in wani reshe ya saɓa sai a gyara ƙa'idar ta ɗauke shi. Kwatancin yana da iyaka, domin rassan da Hanafiyya suka yi wa istiƙira'i hukunce-hukunce ne na mujtahidai, abin da mai bincike ke tattarawa kuwa ayyukan mutane ne, da daidai da kuskure. Amma fa'idar kwatancin tana nan: babu ɗaya daga tafarkan biyu da ya tsaya shi kaɗai a aikace. Bahanafen da ke tsamo ƙa'ida ya riga ya san irin abin da ake kira ƙa'ida, mutakallimi kuma ba ya iya rufe ido daga rassa. Shi ya sa na baya, irin su Ibnus Sa'ati da Sadarush Shari'a, suka rubuta littattafai masu haɗa tafarkan biyu.

Sabo: abin da ra'i ya buɗe

Maganar ƙa'ida ba ta nuna ƙarfinta sai an ɗora ta a kan misali, kuma da wuya a sami misalin da ya fi kusa da masu karatun wannan mujalla kamar nazarin Abner Cohen. Cohen haifaffen Bagadaza ne, almajirin Gluckman, ya zauna cikin Hausawan unguwar Sabo a Ibadan a shekarun 1962 da 1963, littafinsa mai suna Custom and Politics in Urban Africa kuma ya fito a 1969.

Ra'in da ya yi tashe a lokacin yana cewa ɗan Afirka in ya shiga birni ƙabilanci yakan saki jikinsa a hankali, ya narke cikin sabuwar rayuwa. A Sabo sai Cohen ya tarar da akasin haka. Unguwar, wadda aka kafa a 1916, tana tsakiyar babban birnin Yarabawa, amma mutanenta kullum ƙara riƙo suke yi da Hausancinsu a harshe da sutura da aure da shari'a. Mai bincike marar tambaya zai rubuta cewa Bahaushe mutum ne mai son al'adarsa, ya rufe littafi. Cohen bai gamsu da wannan ba, domin al'adar da ya gani ba kwafin ta Kano ko Katsina ba ce, an sake ɗinka ta daidai da buƙatar wurin. Sai ya tambaya: wane aiki wannan keɓancewa take yi?

Amsar ta kai shi kara da shagunan goro. Shanu daga arewa suke zuwa, kuma ba sa jimawa a kurmi saboda ƙudan tsando, dole a sayar da su da wuri. Mahauta Yarabawa ba su da kuɗin biya nan take, sai bashi. Goro kuma daga kudu yake tafiya arewa, kaya ne mai saurin lalacewa, mai buƙatar labarin farashi a kan lokaci. Babu banki da zai tsaya wa mahauci, babu takardar yarjejeniya, kotu kuma ta yi nisa da saurin ciniki. Wanda ya cike wannan giɓi shi ne maigida: shi ke saukar da falke, ya ba shi makwanci da abinci, ya sa dillalansa su sayar, ya san mahaucin da ke biya da wanda ke cin amana, ya kuma ɗauki nauyin kuɗin in an ƙi biya. Dukiya mai yawa tana yawo a kan kalmar baki. Irin wannan amana ba ta rayuwa sai cikin jama'ar da kowa ya san kowa, wadda take da hanyar hukunta maci amana ta hanyar zubar masa da mutunci. Ashe Hausanci a Sabo, ban da kasancewarsa gado, shi ne katangar da ke tsare wannan fatauci daga hannun masu son shiga cikinsa.

Daga nan ne Cohen ya zo kan addini. Muddin Turawa na mulki ta hannun sarakuna, hukuma ce ke tsaya wa Sarkin Sabo, ita ke tabbatar da keɓancewar unguwar. A farkon shekarun 1950 wannan tsari ya fara rushewa, jam'iyyun siyasa suka shigo, ikon sarki ya raunana, ga kuma Musulunci da ya haɗa Hausawa da ɗimbin Yarabawa a sahu ɗaya, abin da ke iya share iyakar da ke tsakaninsu. A daidai wannan lokaci mafi yawan mazajen Sabo suka karɓi ɗariƙar Tijjaniyya cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, suka kuma daina zuwa babban masallacin gari, suka tsayar da Juma'arsu a cikin unguwa. A fassarar Cohen, wazifar da ake haɗuwa a yi kullum ta ƙara ɗaure mutane da juna, silsilar muƙaddamai ta samar da sabon tsarin shugabanci da biyayya, Juma'ar unguwa kuma ta mayar da iyakar da siyasa ta goge. Abin da hukuma ta daina yi wa Sabo, ɗariƙa ta ɗauka.

Dole a yi wa wannan bayani adalci. Ba don ra'in da Cohen ya riƙe ba, cewa jama'ar da ba ta da damar kafa ƙungiya a hukumance takan tsara maslaharta ta hanyar al'ada da addini, da babu abin da zai sa mutum ya haɗa bashin mahauci da zaman wazifa a cikin tunani guda. Ra'in ne ya nuna masa inda zai duba, kuma abin da ya gani a can gaskiya ne.

Sabo: abin da ra'i ya rufe

Sai dai malaman usul suna da wata hanya ta gwada illa, wato a duba ko hukunci yana kewayawa tare da ita, ya samu in ta samu, ya gushe in ta gushe. In aka ɗora bayanin Cohen a kan wannan ma'auni, sai a ga ɓaraka. Shekarun da Sabo ta shiga Tijjaniyya su ne shekarun da failar Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ke mamaye Afirka ta Yamma. Shehun ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937, daga baya manyan malaman Kano, musamman Salgawa, suka sallama masa, kuma daga Kano al'amarin ya bi hanyoyin fatauci da na almajirci zuwa garuruwa masu yawa. A Kano Bahaushe ba baƙo ba ne, ba ya buƙatar katanga tsakaninsa da mahauci Bayarabe, amma dubban mutane suka shiga. Cikin Yarabawa kansu akwai Tijjanawa. Hukunci ya samu a inda illar da aka ambata ba ta samu ba.

Mai kare Cohen zai ce, kuma da gaskiyarsa, jumhurun malaman usul sun yarda hukunci ɗaya ya sami illa fiye da ɗaya, don haka samuwar faila a Kano ba ta kore cewa a Sabo akwai ƙarin dalili na wurin ba. Cohen ma da kansa, a littafin da ya fitar a 1974, ya nanata cewa alamomin addini da alaƙoƙin iko abubuwa biyu ne masu tasiri a juna, ba a narkar da ɗaya cikin ɗaya. To amma wannan kariya tana rage faɗin da'awar. Abin da ra'in ya bayyana shi ne amfanin da ɗariƙa ta yi wa unguwa bayan ta shigo, da wataƙila saurin karɓuwarta. Bai bayyana abin da ya sa mutum ya tashi kafin alfijir ya ja lazimi shi kaɗai a ɗakinsa ba, inda babu maigida babu dillali. Ɗaukar amfanin abu a mayar da shi sababinsa kuskure ne da masu ra'in aikatau suka sha faɗawa ciki, kuma ya yi kama da wanda ya ga azumi na gyara lafiya sai ya ce don lafiya aka wajabta shi.

Akwai kuma tambayoyin da ra'in maslaha ba ya haifarwa sam. A mazhabar Malikiyya, wadda Hausawa da Yarabawa suke kai, mashhurin zance shi ne ba a yawaita Juma'a a gari ɗaya sai da larura, kuma in an yawaita, ta tsohon masallaci ce ingantacciya. Saboda haka tsayar da sabuwar Juma'a ba shawarar siyasa kaɗai ba ce, mas'ala ce da sai malamai sun nemo mata mafita a littafi, sun gamsar da mutanen da ke tsoron kada sallarsu ta ɓaci. Ɗalibin fiƙihu da ya shiga Sabo, wannan ce tambayarsa ta farko. Haka rikicin ƙabalu da sadalu da ya biyo bayan yaɗuwar faila: mai ra'in iyakoki zai ga ɗora hannu a ƙirji tamkar tambarin ƙungiya, alhali masu rikicin hadisai suke kawowa, har Shehu Ibrahim ya wallafa Raf'ul Malam a kan mas'alar. Wanda bai ɗauki hujjojinsu a matsayin hujjoji ba, ya rubuta labarin wasu mutane ne daban masu kama da su.

Wannan shi ne abin da Talal Asad ya yi wa nuni a maƙalarsa ta 1986, inda ya soki masu nazarin al'ummomin Musulmi da ke nuna su kamar 'yan wasan kwaikwayo, suna motsi amma ba sa tunani. Ya ba da shawarar a ɗauki Musulunci a matsayin gadon muhawara mai komawa ga Alƙur'ani da Hadisi, wanda a cikinsa mutane ke jayayya a kan yadda ya dace a yi ibada. Abin lura shi ne Asad bai ce a jefar da ra'i ba. Wani ra'in ya kawo, wanda ke sa kunnen mai bincike ya ji abin da na farko ya toshe.

Lokacin da fage ya kayar da ra'i

Misali biyu sun isa. Evans-Pritchard, a littafinsa na 1949 a kan Sanusiyya a Barƙa ta ƙasar Libiya, ya bayyana ƙabilun Larabawan wurin da ra'in da ya gina tun a ƙasar Nuwer: dangi na kusa suna haɗuwa a kan na nesa, kowane reshe yana daidaita ƙarfin ɗan'uwansa, shehunan zawiya kuma su ne masu sulhu a tsakani. Almajirinsa Emrys Peters ya je ya zauna da mutanen, ya bi rigingimun jini ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga ƙawance ba ya bin bishiyar nasaba yadda aka zana ta. Rijiya da gona da surukuta su ke yanke wanda zai tsaya wa wani. A 1967 ya bayyana cewa abin da aka ɗauka tsarin al'umma ne, a haƙiƙa yadda mutanen ke ba da labarin kansu ne. Ba don ya je da ra'in malaminsa ba, da bai san akwai abin mamaki a wurin ba.

Saba Mahmood kuwa ta shiga halƙoƙin karatun mata a masallatan Alƙahira a tsakiyar shekarun 1990, ɗauke da ra'in da ke auna 'yancin mace da gwargwadon bijirewarta ga al'ada. Sai ta tarar da mata masu ilimi suna wahalar da kansu wajen koyon kunya da khushu'i da kiyaye salla, da zaɓinsu, wani lokaci ma a kan rashin son mazajensu. Tana iya cewa an yaudare su, ra'inta ya tsira. Ba ta yi haka ba, sai ta koma ta tuhumi ra'in, littafinta na 2005 ya zama gyara ga ma'anar iko da zaɓi a fagen gaba ɗaya.

Mai bincike Musulmi da nasa ra'in

Ɗalibin jami'ar Musulunci yana da wata jarrabawa ta daban. Shi ba ya rasa ra'i, ya zo da shi cikakke daga karatun aƙida da fiƙihu, kuma haɗarinsa shi ne hukunci ya riga wasafi. Ya shiga gidan biki ko wurin mai magani, kafin ya zauna ya riga ya rubuta bidi'a ko shirka, saura shafukan kuma tara shaidu ne. Hukuncin yana iya zama daidai, amma kundin bai ƙara wa kowa sanin dalilin da ya sa mutane ke zuwa wurin ba, ko abin da suke cewa suna nema, ko yadda suke daidaita shi da sallarsu. Malaman fiƙihu da kansu sun sharɗanta kyakkyawar fahimtar abu kafin yanke masa hukunci. Ƙarafi ya gargaɗi muftin da baƙo ya zo masa da tambaya kada ya ba shi fatawa da al'adar garinsa, ya fara tambayar al'adar garin mai tambaya, Shaɗibi kuma ya mayar da tabbatar da manaɗi ijtihadin da ba ya yankewa. Binciken zama cikin jama'a, in an yi shi da kyau, hidima ce ga wannan mataki, kuma yana lalacewa ne idan aka haɗa shi da matakin da ke bayansa a cikin jimla ɗaya.

A aikace abin da ake buƙata ba shi da yawa. Kafin ɗalibi ya fita, ya rubuta abin da yake tsammanin zai gani da dalilinsa, ya kuma rubuta abin da in ya gan shi zai tilasta masa canza magana. A littafinsa na fage ya raba abin da aka yi, da abin da masu yin suka ce game da shi, da abin da shi ya fahimta. Ya fi ba da lokaci ga mutumin da bai dace da bayaninsa ba.

Sabo ma tana nan tana jiran wanda zai koma mata da irin wannan shiri, kamar yadda Burawoy ya tarar cewa masana'antarsa ita ce wadda Donald Roy ya nazarta shekara talatin kafinsa, ya mayar da bambancin zamanin biyu abin bincike. Sharuɗɗan da Cohen ya gina bayaninsa a kansu sun sauya. Shanu a tirela suke sauka, farashin goro a waya ake jinsa, kuɗi ta banki suke tafiya cikin daƙiƙa. Tun kafuwar Izala a Jos a 1978 kuma, saɓani a kan ɗariƙa ya ratsa cikin Hausawa kansu, har ya zama mutum yana iya jin ya fi kusa da Bayaraben da suke fahimta ɗaya fiye da maƙwabcinsa Bahaushe. In ra'in Cohen ya cika, ya kamata zaman wazifa ya yi rauni gwargwadon yadda buƙatar maigida ta ragu. In kuwa aka tarar da zawiyoyi cike alhali amanar kasuwa ta koma wani hannu, to sai a nemi bayanin a wani wuri: a ijazozin da ke cikin gafakar malamai, da littattafan da ake karantarwa tsakanin magariba da lisha, da bakin waɗanda ke zaune a da'irar.